Abincin Jariri: Ƙamshi Daban, Zafi Daban



Lokacin da 'yata ta cika wata 6, faten dankali nake yi mata salam, ba komai a ciki. Kullum sai ta tofar. Ran nan kakarta ta ɗanɗana, ta ce, "Ke za ki iya cin wannan?" Ta marmasa 'yar daddawa a tukunyar. Wallahi tas yarinyar nan ta cinye.

Ashe ƙamshi daban, zafi daban. Albasa, tafarnuwa, daddawa da kirfa ƙamshi suke bayarwa, kuma ɗanɗanon abin da uwa take ci yana ratsawa cikin nono, jariri ya saba da shi. Barkono da attarugu kuwa zafi ne, a jinkirta su.

Waɗanda ba ma tsoro su ne matsalar: gishiri da dunƙule. Ƙodar jariri ba ta yi ƙwarin tace gishiri mai yawa ba, a bar su sai ya shekara 1. Zuma ma haka, tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri.

Ki riƙa sa ɗaya-ɗaya, ɗan kaɗan, ki jira kwana 3. Kin ga ƙuraje, kumburi ko amai? Dakata, sai asibiti.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.