Fiya-fiya da zaƙami: Guba biyu, kowace kishiyar 'yar uwarta

Da wuya ka shiga gidan ma'aikaci a Nyanya, Kubwa ko Lugbe ka rasa 'yar kwalbar fiya-fiya a bayan ƙofa. Da magariba a yayyafa ta a lungunan ɗaki saboda sauro da kyankyaso, a rufe taga, a koma tsakar gida. Kaɗan ne daga masu yin haka suka san cewa hanyar da take kashe ƙwaro, ita ce dai hanyar da take kashe mutum.

Jijiyoyin jiki na aika saƙo zuwa gaɓoɓi ta hanyar wani sinadari mai suna asetilkolin. Otto Loewi ne ya tabbatar da haka a 1921 da gwajin zuciyar kwaɗo, kuma ya raba kyautar Nobel ta 1936 da Henry Dale na Ingila. Idan sinadarin ya sauka a guraben da ke karɓarsa, zuciya ta sassauta gudu, yawu ya tsatso, hanji ya motsa, ƙwayar ido ta tsuke, tsoka ta ɗaure. Da zarar saƙo ya isa, wani sinadarin, kolinestares, ke share shi nan take.

Wannan mai sharar ne dikulorbos, gubar da ke cikin Sniper da mafi yawan fiya-fiya, ke ɗaurewa. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin da masinja ke ta jibge fayil babu mai kwashewa zai gane abin da ke biyo baya. Umarni ɗaya ake ta maimaitawa ba tsayawa. Yawu ya yi ta dalala, gumi da hawaye su zubo, ga amai ga gudawa, ƙwayar ido ta koma kamar kan allura, naman jiki ya riƙa rawa. Abin da ke kisa shi ne numfashi: majina ta cika huhu, tsokokin da ke jan iska kuma su gaji su tsaya. Ba sai an sha ba. Gubar na ratsa fata, tana kuma shiga ta hanci.

Maganin da likita zai fara nema shi ne atirofin, wanda ke zama daram a kan guraben ya hana saƙon shiga. Abin mamaki, sinadari ne na dangin zaƙami, tsiron nan da wasu matasa ke jiƙawa su sha don buguwa. Dubi mai mayen zaƙami, za ka ga kishiyar mai fiya-fiya: baki ya bushe ƙamas, jiki zafi ba gumi, ƙwayar ido a buɗe, zuciya na dukan uku-uku, yana sambatu yana kamun abin da babu. Wannan bushewar ce likita ke so, don haka yake ƙara allurar a kai a kai har ƙirji ya washe. Sai dai guraben iri biyu ne. Atirofin na toshe na zuciya da hanji da yawu, amma bai kai ga na tsokoki ba, shi ya sa akan haɗa da firalidoksim, wani lokacin har da na'urar numfashi.

Idan kuma zaƙamin ne ya yi yawa, maganinsa daga ƙasar nan ya samo asali. A Kalaba akwai wani wake da Efik ke kira esere, wanda a da ake ba wanda ake zargi da maita ya ci: in ya amayar ya tsira, in ya mutu laifi ya tabbata. Daga cikinsa masana a Jamus suka ware fisostigmin a 1864. Shi ma kolinestares yake ɗaurewa, amma na ɗan lokaci, saɓanin fiya-fiya da ke riƙewa gam. Danginsa, niyostigmin, shi ake amfani da shi yau a ɗakin tiyata don dawo da ƙarfin tsokar da aka sassauta.

Gwamnati ta san da matsalar. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda yawan dikulorbos da aka samu a cikinsa, a 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da manyan shaguna. A ganina dokar ta fi ƙarfi a takarda, domin kwalbar da ba ta da suna, wadda yara ke talla a tasha, ita ta fi shiga gidaje, kuma ba mai iya faɗar abin da ke cikinta.

Kuskuren da ya fi tsada a gida ake yin sa. Da yaro ya kurɓa, sai a ruga neman manja ko madara, ko a cusa masa yatsa ya yi amai. Wanda numfashinsa ke sarƙewa, abin da aka ɗura masa na iya zarcewa huhu, ga lokaci na tafiya. A cire masa tufafin da gubar ta taɓa, a wanke fatarsa da sabulu da ruwa, a kwantar da shi a gefe ɗaya, a nufi asibiti. A kuma tafi da kwalbar, don likita ya ga abin da yake fama da shi.