Amya ta sauko daga bisa icce: yini guda wurin masu zuma a yankin Madarumfa

Duk sanda lokacin fasa asusu ya matso, tambaya guda ce ke yawo a bakin mata: bana me za mu yi da kuɗin? Kiwon awaki mun san shi. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa mun san su. Awara da ƙosai kuwa, kowace ƙofar gida akwai mai suya, har ribar ta koma ba ta taka kara ta karya ba. A cikin wannan neman mafita ne maganar zuma ta shigo tarukanmu. Wasu suka ce akwai kuɗi a ciki, a dubi tsadar kwalba guda a kasuwar Maraɗi. Wasu suka ce aikin maza ne, wace mace za ta hau icce da tsakar dare da wuta a hannu? Da gardama ta ƙi ƙarewa, ƙungiyoyi 3 na unguwarmu suka haɗa kuɗin mota, muka tashi mu 16 zuwa wani ƙauye a yankin Madarumfa, kudu da Maraɗi, inda mata suka riga mu shiga sana'ar. Gani ya kori ji.

Icce ne gonar mai zuma

A ƙarshen sanyi muka tafi, mangwaro ya yi fure, muka isa da hantsi. Shugabar matan ƙauyen ta tarbe mu tare da wani dattijo da ya gaji kiwon zuma wurin mahaifinsa, wanda shi ya koya masu aikin. Bayan gaisuwa da shan fura, mun ɗauka wurin amya za a nufa. Sai dattijon ya kama hanyar gonaki yana cewa: “Ƴaƴana, kafin ku ƙidaya amya, ku fara ƙidaya itace.”

Ya bi da mu icce-icce yana faɗin lokacin furen kowane. Gawo yana fure bayan ɗaukewar ruwa, daidai lokacin da ciyawa ta bushe. Mangwaro ya karɓa cikin sanyi, ɗorawa ta biyo da jajayen furanninta masu reto kamar tuntu, dogon yaro kuma ya buɗe da shigowar zafi. Da damina sai riɗi da wake da kabewa da furannin daji, magarya ta rufe a ƙarshenta. Ƙudan zuma yakan yi tafiyar kilomita 3 ko kusa da haka don neman abinci. In wannan da'ira ba ta da fure na tsawon watanni, ko amyar zinariya aka ajiye masu, tashi za su yi.

Nan muka gane albarkar sassaben zamani, wato barin toho da ke fitowa daga kututture a gona, a gyara shi ya girma maimakon a sare. A jihar Maraɗi aka fara yaɗa wannan dabara cikin shekarun 1980, kuma an ƙiyasta ta maido da itace a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. Manomin da ya bar icce don ƙasa ta huta, ashe ya yi wa ƙudan zuma shuka.

Bayan fure sai ruwa. Ƙuda suna riƙe ɗumin ɗakin ƴaƴansu a wajen digiri 35. Da zafin bazara ya tsananta, ruwa suke jido su yayyafa, su yi ta fifita da fukafukai har amya ta yi sanyi. In babu ruwa kusa, bakin rijiya za su cika, rigima ta tashi da masu ɗiba. Matan ƙauyen kasko suke ajiyewa a inuwa, da tsakuwa da guntayen kara a ciki don kada ƙudan su nutse, kuma bi-da-bi suke cika shi.

Amyar bisa da amyar ƙasa

Dattijon ya nuna mana amyar gargajiya: saƙar ciyawa doguwa kamar ganga, a yaɓe ta da kashin shanu, a turara ta, a ɗaure a cokalin icce. Ba a raina ta, don kayanta kyauta ne kuma ƙuda na son shigarta. Matsalar tana wurin ɗiba. Da dare ake hawa da damin ciyawa mai ci da wuta, a kwashe komai, zuma da ƴaƴa. Ƙuda da yawa su ƙone, sauran su gudu, zumar ta fito da toka da ƙaurin hayaƙi. Wani lokaci ma tartsatsi ya faɗa ciyawa, gobarar daji ta tashi.

Abin da ya buɗe wa mata ƙofa shi ne amyar katako da ake kira ƴar Kenya, wadda aka fito da ita a farkon shekarun 1970. Kamar komi take, sama da faɗi, ƙasa a tsuke, tsawonta kusan mita guda. A bisa an jera sanduna, kowace faɗinta santimita 3.2, ƙuda kuma su gina saƙa guda a ƙarƙashin kowace sanda. Shugabar matan ta ja kunnenmu a kan wannan awo: in kafinta ya yi maki “kusan haka”, saƙa za ta haɗe da saƙa, ki rasa yadda za ki ɗaga guda ba ki karya biyu ba. Amyar tana zaune ne bisa ƙafafu daidai ƙugun mutum, a inuwa, kowace ƙafa cikin gwangwani mai baƙin man mota don hana tururuwa da cinnaka hawa. Babu hawan icce, babu wuta. Kafin a ajiye ta, akan goga kaki a jikin sandunan, ƙamshinsa ne ke kiran ƙuda.

Sai aka faɗa mana yadda gidan yake a ciki. Wanda iyayenmu ke kira sarkin zuma, mace ce, ita ce uwar kowa, kuma a lokacin yalwa tana iya zuba ƙwai fiye da 1,000 a rana. Masu aiki dubbai ne, dukkansu mata. Daga ƙwai zuwa fitowa kusan mako 3, sannan a yi wajen mako 6 ana aiki ba hutu. Mazan ƴan kaɗan ne, ba harbi ba jido, in yunwa ta shigo a kore su waje. Nan fa aka kwashe da dariya. Ma'ajiyar ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu ta ce: “Ashe Baba su ma asusu suke yi, kowace ta kawo zubinta a ajiye don ranar babu.” Ya ce, to shi ya sa mai hankali ba ya kwashe masu duka.

Inda ake samu, inda ake asara

Ba a buɗa amya da rana tsaka, don haka bayan azahar aka zaunar da mu aikin tata da saƙar da suka ɗebo jiya da yamma. Darasin farko shi ne sanin nunanniyar zuma. Ruwan fure da ƙuda ke kawowa tsinkakke ne. Sai sun yi ta fifita shi har ruwan da ke ciki ya koma ƙasa da kashi 20 cikin 100, sannan su liƙe bakin ramukan da farin kaki. Saƙar da aka liƙe ita ake ɗiba. Wadda ke buɗe ɗanya ce: in kin zuba ta a kwalba, za ta yi tsami, ta yi kumfa, ta ɓata maki suna wurin mai saye.

Suna ware farar saƙa daban, baƙa daban, don kowace da farashinta. A farfasa saƙar, a zuba cikin tsabtataccen ƙyalle bisa bakin bokiti, a rufe, ta kwana tana ɗiga. Ba a ɗora ta a wuta, don zafi na kashe ƙamshi da wani sashe na amfaninta. Ba a bari ruwa ya taɓa ta, hannu da cokali da kwalba duka a bushe. Kwalbar da ta taɓa ɗaukar man fetur ko maganin ƙwari kuwa, ko an wanke ta sau goma ba ta shiga. Ga kuma abin da kowace mai sayarwa ya kamata ta riƙe: lita guda ta zuma nauyinta kusan kilo 1.4 ne. Wadda ta saya da lita ta sayar da kilo ba tare da wannan lissafi ba, ba za ta san inda ta tsaya ba.

Mun tambaya a kan zumar da ke daskarewa ta yi tsaki-tsaki, wadda mutane ke cewa an sa mata sukari. Suka ce zuma ta gaskiya ma na yin haka, musamman cikin sanyi, kuma launinta da ɗanɗanonta na bin furen da aka ci. Gwajin ashana da na ɗigawa cikin ruwa ba su raba gardama. Abin da ke sayar da zuma shi ne amana: mai saye ya san daga hannun wa ta fito.

Sauran tukar da ta rage a ƙyalle, da yawa zubarwa suke yi, alhali kuɗi ne. Sai ƙuda sun ci kilo da dama na zuma kafin su yi kilo guda na kaki. A sa tukar cikin tukunya da ruwa bisa wuta marar ƙarfi, in ta narke a tace, a bari ya huce, kakin ya taso sama ya daskare kamar faifai. Kada a bar shi a wuta a tafi, yana kamawa. Da shi ake haɗa man shafawa tare da man kaɗe, a yi kyandir, dukawa su goge zare, masu amya su saya don kiran ƙuda. Ba ya lalacewa, ba ya neman kwalba.

Wata magana da ta shafe mu a matsayin uwaye: ma'aikatan lafiya sun hana ba jaririn da bai cika shekara guda ba zuma, ko lasawa ce, saboda tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba. Duk mai sayar da zuma ta riƙa faɗa wa mai jego wannan.

Da rana ta yi sanyi

Bayan la'asar sakaliya, mata 4 daga cikinmu suka sa kayan aiki: doguwar riga mai kauri ɗinkin telan garin, malafa mai raga, safar hannu, da ƙafar wando a ɗaure. Masu ciki da masu goyo suka tsaya can nesa. Tun da safe an gargaɗe mu: ba turare, ba humra, ba baƙaƙen kaya, ba hayaniya. Aka hura busasshen kashin shanu cikin gwangwanin hayaƙi mai ɗan zuga-zugi, aka tunkari amyar ta baya, aka busa kaɗan a ƙofa, aka dakata. Shugabar matan ta ɗaga sanduna ɗaya bayan ɗaya, tana riƙe kowace a tsaye don kada saƙar ta ɓalle. Ta yanke liƙaƙƙu, ta maida masu ƴaƴa wurinsu, ta bar masu nasu rabon.

Zuma dai ga zaƙi ga harbi. An harbe ta a wuyan hannu, ta kankare ƙarin da farce, ta busa hayaƙi a wurin don kada warin ya kira sauran, ta ci gaba da aiki. Amma ta ce in aka harbi mutum fuska ko maƙogwaro suka kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, ba a jira, likita za a nufa nan take.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a taɓa akwati

Matan ƙauyen ba su ɓoye mana komai ba. Ba kowace amya ƙuda ke shiga ba, wata sai ta yi watanni a wofi. Wadda aka shiga ma suna iya tashi in an takura masu, ko tururuwa da asu sun dame su, ko maƙwabci ya yi feshin magani da safe lokacin da suke kan fure. Ɗiba a wurinsu sau biyu ce a shekara in an dace, da kaka da kuma bazara, kuma shekarar farko ana iya fita da hannu biyu.

Wannan shi ne babban abin da muka dawo da shi. Rancen asusu na ɗan lokaci ne, kuma da ribarsa ake maidawa. Wadda ta ci shi ta sayi amya, wa'adi zai cika ƙuda ba su ma shiga ba, ta koma sayar da akuya don ta biya. Amya dukiyar ƙungiya ce da za a ware wa kuɗi ranar rabo, da yardar kowa, a rubuta a littafi: wa ke zuba ruwa, wa ke ɗiba, yaya za a raba. A fara da kaɗan. Rigar aiki da abin hayaƙi kuwa, saiti biyu sun ishi ƙungiya.

Wuri ma sai an yi shawara: nesa da gidaje da makaranta da hanyar dabbobi, da iznin mai gona gaban mai gari da shaidu. In mai gona ya yi ɗari-ɗari, a tuna mashi cewa ƙuda na ƙara wa riɗi da kankana da kabewa da mangwaro ƴaƴa, saboda su ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. A roƙi maƙwabta kuma, in feshi ya zama dole, su bari sai yamma liƙis.

Ƴan uwa na cikin Yamai, Damagaram da Tawa da ba su da fili, ba a bar ku a baya ba. Ana iya ƙulla amana da masu amya a sayi saƙa, a tace da tsabta, a ɗura, a sarrafa kakin. Cikin ƙungiyoyinmu 3, biyu sun yanke ware kuɗin amya a rabo mai zuwa, kuma kowace za ta tura mata 2 su koma ƙauyen lokacin ɗibar bazara su koyi aikin da hannunsu. Ta ukun ta zaɓi tata da man shafawa. Ƙungiyar da ta riga ta fara, a ko'ina take, ta aiko mana da labarinta ta hannun wakiliyarta, da daɗin da wuyar, don sauran su ƙaru.