Daimon na Ɗakin Bincike: Yadda Ake Tantance Darajarsa

A gari irin Illela, inda kaya ke ƙetarowa daga Birnin Ƙonni, ɗan kasuwa yakan auna zinariya ya san kuɗinta. Sha'anin daimon ya fi haka wuya. Tun 1954 kamfanin General Electric na Amurka ya ƙera shi a ɗakin bincike, kuma da na ƙira da na haƙa duk sinadarin kabon ne, tamkar ƙanƙarar sama da ta firji. Ido ba ya rarrabe su, sai na'ura.

Wannan ne ya sa takardar shaida take da muhimmanci. Cibiyar GIA, wadda aka kafa a 1931, tana duba abubuwa huɗu: nauyi (karat ɗaya miligiram 200 ne), launi daga D zuwa Z, rashin tabo, da kyan yanka. Sai dai a 2025 ta daina yi wa na ƙira wannan awo, domin akasarinsu kusan kamanninsu ɗaya; matakin daraja biyu kacal take ba su. Akan kuma zana lambar takardar a ƙugun dutsen da hasken leza. Wajibi ne mai saye ya sa gilashin ƙara girma ya gwada lambobin biyu, domin farashin na ƙira bai kai rabin na haƙa ba.