Mai Sa wa Zane Magana a Baki

Yaro zai iya zana maka Ben 10 a bayan littafin lissafinsa, har da agogon hannun nan, amma ka tambaye shi wa ya rubuta abin da Ben ke faɗa, sai ya yi zuru. Haka sana'ar rubuta labarin zane take a Amurka, inda ta yi ƙarfi: a ci tuwo, ba a tambayi mai tuƙi ba. Ɗaya daga cikin masu tuƙin shi ne marigayi Dwayne McDuffie, baƙar fata ɗan birnin Detroit, wanda aka haifa a 1962.

Marubucin labarin zane ba ya zane. Takarda yake cikawa da umarni: shafi na ɗaya, akwati na ɗaya, dare ne, yaro na tsaye a kan rufin gida, ga abin da zai ce. Daga nan mai fensir ya zana, mai tawada ya bi sawu, mai launi ya shafa, wani kuma ya zuba maganar cikin 'yan da'irorin da ke saman kawunan mutane. Da'irar ba ta da faɗi. In marubuci ya cika surutu, maganarsa ce za ta rufe fuskar jarumin, don haka kullum cikin yanke kalma yake. A katun na talabijin kuwa minti 22 ne kacal a hannunsa, kuma ana ɗaukar muryoyin 'yan wasa tun kafin zanen ya motsa.

McDuffie ya fara ne a kamfanin Marvel. Can ya ƙirƙiro Damage Control, labarin ma'aikatan da ke kwashe ɓaraguzai bayan jarumai sun gama dambe sun rushe rabin gari. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin kansa: kowa na kallon mai naushi, shi yana tunanin wa zai share wurin.

Sai dai ciwon sana'ar ba a rubutun yake ba, a mallaka yake. Ƙa'idar da aka saba, duk abin da ka ƙirƙira na kamfani ne. Jerry Siegel da Joe Shuster sun sayar da Superman, jarumin da suka ƙirƙiro, a 1938 kan dala 130, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Shi ya sa, a ganina, babban aikin McDuffie shi ne Milestone, kamfanin da ya kafa da Denys Cowan da Michael Davis da Derek Dingle, wanda ya fara fitar da littattafai a 1993. Kamfanin DC ke bugawa ya rarraba, amma jaruman na Milestone ne. Suka cika birnin da suka ƙago, Dakota, da jarumai baƙaƙe iri-iri, Icon da Hardware da Static, yadda ba sai mutum ɗaya ya ɗauki nauyin wakiltar al'umma sukutum ba. Virgil Hawkins, wato Static, ɗan makaranta ne mai son kimiyya da yawan barkwanci, kuma shi ya koma katun ɗin Static Shock daga 2000 zuwa 2004.

Daga nan McDuffie ya riƙe ragamar labari a katun ɗin Justice League Unlimited, sannan Ben 10: Alien Force.

Ya rasu ranar 21 ga Fabrairun 2011 bayan tiyatar zuciya, kwana ɗaya da cikarsa shekara 49. Washegari fim ɗin All-Star Superman da ya rubuta ya shiga kasuwa. Tun 2015 ake ba da wata lambar yabo da sunansa ga littattafan zane da suka buɗe wa kowane jinsi ƙofa, a 2021 kuma Static ya dawo da sabon littafi, wannan karon a hannun wata sabuwar zuriyar marubuta da masu zane.