Madubin Duban Wata: Gaskiya da Shaci-faɗi Kan Ƙafafun da Ke Ɗauke da Shi

Da zarar Sha'aban ya raba tsakiya, maganar madubin hangen nesa kan taso a majalisun Ikara da Makarfi da Hunkuyi. Hotunan masu duban wata a Sudair da Tumair na ƙasar Saudiyya suna yawo a WhatsApp, kowa tsaye bayan na'urarsa, sai matasanmu su fara tambayar me zai hana mu ma mu mallaki namu. Ina tare da su ɗari bisa ɗari. Ƙungiyar matasa ko makarantar Islamiyya da ta yi karo-karo ta sayi madubi ta yi abin kirki. Damuwata ita ce maganganun da ake yaɗawa game da abin da ya kamata a saya, domin wasunsu gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuwa babu ƙamshin gaskiya a cikinsu, kuma kuɗin karo-karo ba abin zubarwa ba ne.

Na'urar da aka fi gani ita ce mai dogon bututu, da babban gilashi a gaba da ƙaramin gilashin leƙawa a baya. Irinta ce Hans Lipperhey ya nemi a ba shi haƙƙin mallakarta a ƙasar Holan a 1608, Galileo ya ɗaga tasa sama a 1609. Ba ta son gyare-gyare, kuma da yake bututun a rufe yake, ƙura ba ta shiga cikinsa da sauƙi, abin da ya sa ta dace da ƙasarmu. Amma bututun rabin kaya ne. Ɗaya rabin shi ne mazauninsa, wato kan da ke riƙe shi yana juya shi da ƙafafu ukun da ke ƙarƙashi, kuma a nan ne aka fi cutar mai saye.

Maganar farko da za ka ji ita ce a duba lambar da ke jikin kwali: wai mai kusanto da abu sau 525 ko sau 675 ya fi. Wannan ƙarya ce ta 'yan kasuwa. Faɗin gilashin gaba ne ke yanke iyakar abin da madubi zai nuna, kuma ƙa'idar da masu harkar suka sani ita ce kusan sau biyu ga kowace milimita. Gilashi mai faɗin milimita 70 ba zai ba ka hoto mai kyau fiye da sau 140 ba, abin da ya wuce haka dishi-dishi ne. Mai neman jinjirin wata ma ba ya buƙatar ko rabin wannan. Bututu mai tsawon haske milimita 700, idan aka sa masa gilashin leƙawa na milimita 25, zai kusanto da abu sau 28, kuma zai buɗe maka fili na kusan digiri biyu a sama. Faɗin wata kansa rabin digiri ne. Fili mai faɗi shi ne abokin mai nema.

Ta biyu ita ce mai tsada: wai ƙafa ƙafa ce, ko ta masu ɗaukar hoton biki za ta wadatar, a zuba kuɗin duka a gilashi. Wanda ya taɓa leƙawa ta madubin da ke kan ƙafafu marasa ƙwari ya san ba haka ba ne. Madubi ba ya ware abin da zai ƙara wa girma. Idan ya kusanto da wata sau 50, rawar hannunka da bugun iska ma sau 50 zai nuna maka su. Ka kai yatsa ka murɗa wurin daidaita gani, hoton ya hau tsalle, ka saki ka jira, kafin ya tsaya ka manta ko gaba ka murɗa ko baya. Dogon bututu ya fi shan wannan wahala fiye da gajere ko da nauyinsu ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa ɗaukar doguwar sandar rake daga kasuwar Makarfi, ya riƙe ta a tsakiya, ya san yadda bakinta ke lilo da ƙaramin motsi. Shi ya sa nauyin da kamfani ya rubuta cewa mazauni zai ɗauka ba ya isa hujja. In an rubuta kilo biyar, kada ka ɗora masa dogon bututu da ya wuce kilo uku.

Gwajin ba shi da wuya, kuma a gaban mai shago ake yin sa. A kafa na'urar, a saita ta kan wani abu mai nisa, kamar kan hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis. Ka sa ido, ka ɗan ƙwanƙwasa bututun da yatsa, ka ƙirga. Idan hoton ya natsu cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, mazaunin ya yi. Idan ka kai shida yana rawa, ajiye shi komai kyan fentinsa. Sannan ka ɗaga bututun ka sake shi ba tare da ka ɗaure shi tamau ba: mai kyau zai tsaya inda ka bar shi, maras kyau zai sunkuya a hankali har abin da ka saita ya fice. Ka duba mahaɗar ƙafafun da kan, domin a nan ake ɓoye roba. Ka kuma nemi mai 'yan sanduna biyu na murɗawa, waɗanda ke matsar da bututun kaɗan-kaɗan ba tare da ka taɓa shi ba. A ganina waɗannan sanduna sun fi kowane ƙarin gilashi da za a cusa maka a kwali amfani.

Sai maganar da ta fi yaudarar masu ilmi, saboda akwai gaskiya a cikinta. Mazauni iri biyu ne. Akwai mai sauƙi, wanda ke juyawa sama da ƙasa, hagu da dama. Akwai kuma wanda ake kira ikwatoriyal, mai karkatacciyar gindi da ƙarfen daidaita nauyi a rataye, wanda aka ƙera don ya bi juyawar duniya da murɗi ɗaya. Ana cewa na biyun shi ne na ƙwararru, na farkon na yara ne. Gaskiyar da ke ciki ita ce duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya cikin minti huɗu, don haka duk abin da ka saita yana gudu daga idonka. Mai son ɗaukar hoton taurari na tsawon mintuna dole ya nemi ikwatoriyal. Wannan babu ja.

Amma a tambayi inda aka ƙera shi da kuma inda za a kafa shi. Kafin ikwatoriyal ya yi aiki, sai an saita gindinsa ya fuskanci wurin Tauraron Arewa, kuma tsayin wannan tauraro daga ƙasa daidai yake da nisan garinka a digiri daga layin tsakiyar duniya. A Landan yana sama da digiri 51. A Ikara da Makarfi da Kudan, kamar Zariya, digiri 11 ne da 'yan kai. Miƙe hannunka ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen nan kusan digiri goma ne. Iyakar tsayin tauraron ke nan a wajenmu, inda bishiyar mangwaro ɗaya ko katangar maƙwabci za ta tare shi, hazon hunturu kuma ya shafe shi gaba ɗaya. Bayan haka, da yawa daga cikin ƙananan ikwatoriyal an yi su ne da tunanin mutanen Turai da Amurka. Idan ka kwantar da gindin zuwa digiri 11, a wasunsu ƙarfen nauyin kan bugi ƙafa, a wasu ma notin ba ya sauka har can. Ga nauyi, domin ƙarfen nan kaɗai kan kai kilo biyu ko fiye, kuma a bayan babur za a ɗauke shi zuwa bayan gari. Uwa uba, duban jinjirin wata da magariba ake yi, lokacin da taurari ba su fito ba balle a saita da su.

Wurin da muke zaune ya yi mana wata alfarma da ba a cika faɗa ba. Da yake muna kusa da layin tsakiyar duniya, rana da wata suna faɗuwa kusan a miƙe, ba a karkace sosai kamar yadda suke yi a Turai ba. Ma'ana mai bin jinjirin wata da mazauni mai sauƙi, sandar sama da ƙasa ce kusan duk aikinsa, sai jefi-jefi ya taɓa ta gefe. Watan da ke digiri goma sama da ƙasa lokacin faɗuwar rana yana da kimanin minti 40 kafin shi ma ya faɗi, kuma mintunan ƙarshe hazo ne ke cinye su. Wanda ya ɓata rabinsu yana kokawa da noti ya yi asarar daren.

Masu cewa sai mai inji da kwamfuta, wanda ke nemo wata da kansa, su ma sun wuce gona da iri. Yana da amfani a hannun wanda ya iya, amma yana son batir da saiti, ga tsada. Manhaja irin Stellarium a waya za ta faɗa maka tsayin wata da gefen da yake daga inda rana ta faɗi. Ka dai matsa nesa da ƙafafun ƙarfe kafin ka amince da kamfas ɗin waya, don ƙarfe na ruɗa shi.

An kuma ce kayan gida ba za su yi ba. Kan da ke juyawa, gaskiya, ya fi kyau a sayi na kamfani, saboda santsin motsinsa aikin inji ne. Ƙafafu kuwa kafinta mai hankali zai iya yin su, kuma katako ya fi siririn alminiyam shanye girgiza. Ƙafafun katako irin na safiyo suna cikin mafi kyau. Ko na kanti ka saya, kada ka zare su har ƙarshe in ba dole, ka danna su cikin ƙasa, ka rataya ƙaramin buhun yashi a tsakiyarsu. A kan rufin bene da mutane ke kai da kawo, ko mazauni mai kyau zai yi rawa.

Jita-jitar da ta fi damuna ba ta ƙafafu ba ce. Ita ce cewa madubi yana huda gajimare da hazo, ko yana nuna wata duk daren da aka so. Ba ya yi. Haske yake tarawa, kuma abin da ƙura ta tare ta tare. Masanin taurari na Faransa André Danjon ya nuna tun shekarun 1930 cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai kimanin digiri bakwai ba, ba a ganin jinjirin. Mafi ƙanƙantar wata da aka tabbatar an gani da ido zalla yana da kimanin awa 15 da rabi da haihuwa, a 1990. Da taimakon gilashi kuwa, awa 11 da minti 40 ne, a Iran a 2002. Wato na'ura tana ƙara 'yan awoyi ne kawai. Gaskiya ne Thierry Legault ya ɗauki hoton wata daidai lokacin haihuwarsa a Faransa a 2013, amma da kyamara ta musamman da rana ya yi, ba ido ne ya gani ba.

Na'urar ma tana da nata tarkon. Zara, wadda muke kira matar wata, a wasu watanni siffar lauje take nunawa a cikin madubi, abin da Galileo ya lura da shi tun 1610. Sabon shiga zai iya ganinta ya yi kabbara. Bambancin a girma yake: a sau 28 Zara 'yar mitsitsiya ce mai ƙyalli, jinjirin wata kuwa siririn zare ne mai faɗi, dusashe, wanda ke cin wajen kashi ɗaya cikin huɗu na filin. Kuma da yake siriri ne, in ganin bai daidaitu ba ba za ka gan shi ba ko yana tsakiyar gilashin. Dabarar ita ce a daidaita ganin tun daren jiya a kan tauraro, a manne wurin da salatif kada ya motsa.

Gargaɗin da ake yi game da rana kuwa gaskiya ne tsantsa. Kada kowa ya fara lalube da madubi a yamma kafin ƙwayar rana ta nutse gaba ɗaya. Leƙe ɗaya ya isa ya ƙona ido har abada, kuma mazauni mai sako-sako na iya zamewa ya kai bututun kanta. Yara kan taru duk inda aka kafa na'ura, don haka a bar murfin a gaba, babba ɗaya ya tsaya a wurin.

Hukuncin ganin da aka yi da gilashi magana ce ta malamai, kuma da yawansu sun karɓe shi tunda ido ne dai ya gani. Sanar da tsayuwar wata a Najeriya kuwa hurumin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Muhammad Sa'ad Abubakar, ne da kwamitin duban wata na ƙasa. Mallakar madubi ba ta ba kowa izinin yin shela a Facebook ba. Wanda ya gani a Paki ko Gubuchi ko Likoro ya kai wa dagaci ko hakimi, labari ya bi ta masarautar Zazzau zuwa Sakkwato. Ya tafi da bayanin da za a iya tantancewa: ƙarfe nawa ya gani, a wane wuri, da ido zalla ko da gilashi, su wa suka gani tare da shi, da kuma inda ƙahonnin suka fuskanta. A wannan na ƙarshe sai an kula, domin madubin nan yana kifa hoto, idan kuma an sa masa wani ɗan gwiwa mai madubi a baya, hoton zai miƙe amma hagu ta koma dama. Mai ba da shaida ya faɗi da wanne ya duba, don kada a ƙaryata shi a kan abin da ya gani da gaske.