Ganawar Neman Aiki: Takarda Ƙofa Kawai Take Kai Ka

Matashi daga unguwar Domayo zai kammala Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, ya je ganawar neman aiki riƙe da takardunsa. Ana tambayarsa me ya iya, sai ya ce shi mai ƙwazo ne. Kowa haka yake faɗa.

Abin da ke gamsar da masu ganawa shi ne aikin da ka taɓa yi. Ka tanadi misali biyu, a kowanne ka faɗi matsalar da ka tarar, yadda ka warware ta, da abin da ya biyo baya. Ko lissafin shagon kawunka ka riƙe a kasuwa, ka faɗi yadda ka gyara littafin bashi.

Mai neman aiki a Sodecoton, kamfanin audugar da ke da hedkwata a Garwa, ya fara sanin aikinsu: sayen auduga daga manoma, gurzar ta, da matse man gurya. Fulatanci da Hausar da kake ji jari ne a wurin manoma, amma da Faransanci ake rubuta rahoto. Ka gwada amsoshinka da Faransanci a gaban wani babba kafin ranar, ka roƙe shi ya gyara maka.