Jinyar Wanda Likita Ya Ce Ba Ya Warkewa: Yaya Za Ki Gane Ana Kula Da Shi Da Kyau?

  

Zancenmu na yau yana da ɗan nauyi, don haka ki jawo kujera ki zauna. Akwai maganar da babu wadda ke son ta ji ta daga bakin likita, wato ranar da zai kira maigida gefe ya ce, "Mun yi iyakar ƙoƙarinmu, ku mai da shi gida." Daga wannan rana, wa jinya ke komawa hannunsa? Ke ce. Ke ce za ki dama kunu, ki wanke zane, ki kwana zaune kina jin nishin surukarki ko mahaifinki ko mijinki. Maza za su leƙo su ce sannu, su fita neman kuɗin magani, amma wadda ta san yadda daren ya wuce ita ce wadda ke cikin ɗakin.

To, abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, idan ciwo ya gagari warkewa, ba shi ke nan aikin asibiti ya ƙare ba. Akwai wani fanni sukutum na aikin lafiya wanda ba ruwansa da warkarwa, aikinsa kawai ya rage wa mara lafiya raɗaɗi da wahala, ya kuma tallafi masu jinyarsa. Turawa na kiran wurin da ake wannan aiki hosfis. Mu sai mu ce kulawar sauƙaƙa raɗaɗi. Masu ciwon daji da ya yi nisa su ne aka fi sani da buƙatarta, amma har da mai ciwon ƙoda ko hanta ko zuciya da ya ci jiki, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, da tsoho da ƙarfi ya ƙare masa.

Mace ce ma ta kafa wannan aiki a yadda aka san shi yanzu. Sunanta Cicely Saunders, 'yar ƙasar Ingila. Da fari nas ce, ciwon baya ya hana ta ci gaba, ta koma aikin kula da jin daɗin marasa lafiya, daga baya ta sake komawa makaranta ta zama likita. A shekarar 1967 ta buɗe gidan St Christopher's a birnin Landan, kuma a cikinsa ta rasu a 2005. Abin da ta koyar shi ne, ciwon mai ciwon ajali ba a jiki kaɗai yake ba. Akwai tsoro, akwai tunanin 'ya'yan da zai bari, akwai bashi, akwai tsakaninsa da Mahaliccinsa, kuma duk suna ƙara wa ciwon jikin zafi. A Afirka, Zimbabuwe ce ta fara a 1979. Sai wata likita, Anne Merriman, wadda ta taɓa yin shekaru tana aiki a Nijeriya, ta kafa Hospice Africa a Yuganda a 1993. Ita ta ga cewa mutanenmu sun fi son su ƙarasa kwanansu a gida cikin dangi, don haka ta sa ma'aikata su riƙa bin marasa lafiya har ɗakunansu da maganin ciwo na ruwa mai araha. Ta rasu a 2025. A Nijeriya kuma, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen irin wannan kulawa a 2007, da ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo, ita ma mace, kuma wasu manyan asibitoci sun bi sahu.

Amma kada mu ruɗi kanmu, abin bai wadata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 57 ke buƙatar wannan kulawa duk shekara, kuma kusan 14 cikin 100 ne kawai ke samu. Saboda haka idan an ce ku koma gida, ki sa maigida ko ɗanki ya tambaya kafin a sallame ku: shin asibitin nan yana da masu kulawar sauƙaƙa raɗaɗi? Idan babu, ina za a tura mu? Wa zai ci gaba da rubuta maganin ciwo?

Yanzu a ce an dace, an sami masu yi, ko a asibiti ko masu zuwa gida. Yaya za ki gane nagari ne? Kada fenti da fanka da farin tayil su ɗauke miki hankali. Ma'aunin yana kan gadon nan da kike zaune kusa da shi, kuma babu wanda ya fi ki ganinsa.

Abu na farko, kuma mafi girma, shi ne ciwo. Ma'aikaci nagari ba ya shigowa ya fita bai tambayi mara lafiya da bakinsa ba: ina ke maka ciwo, yaya yake yi, suka ne ko zugi ko ƙuna, ya hana ka barci? Wasu sukan ɗaga hannu su ce nuna mini da yatsu: dunƙulallen hannu babu ciwo, yatsa biyar ciwon da ya kai maƙura. Wannan tambaya tana da muhimmanci a wajenmu ƙwarai, domin an raine mu da dauriya da kunya. Tsohuwa za ta ce "da sauƙi" alhali haƙoranta a cije suke. Idan ma'aikaci ya ji "da sauƙi" ya juya ya tafi, bai san aikinsa ba. Ke kuma kada ki taya ta ɓoyewa. Ki ce, "Malama, jiya ba ta runtsa ba, tun bayan isha'i take juyi har asuba."

Sai yadda ake ba da maganin. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku kamar tsani: a fara da mai sauƙi irin su farasitamol, idan bai yi ba a hau zuwa matsakaici, idan ciwon ya yi tsanani a ba da mai ƙarfi, wato mofin. Ƙa'idarsa ita ce a sha ta baki matuƙar mara lafiya na iya haɗiya, kuma a sha bisa agogo. Ki riƙe wannan da kyau. Ba a jira sai ciwo ya taso ya fara ihu sannan a nemi kwalba. Mofin na ruwa akan ba da shi ne duk bayan awa huɗu, don kashi na gaba ya tarar da na baya bai gama sakin jiki ba. Wuri nagari zai rubuta miki lokutan, ya nuna miki layin da za ki ja a sirinjin awo, ya kuma gaya miki abin da za ki yi idan ciwon ya ɓallo tsakanin lokutan. Wurin da kullum sai dai a ce "idan ya dame shi ku kira a yi masa allura," to akwai gyara.

Na san abin da ke ranku, don ni ma na ji ana faɗa. Wata ta ce ai mofin ƙwaya ce, kada a mai da Baba ɗan maye da tsufansa. Wata ta ce ai allurar ƙarasawa ce. Tsoron yana da dalili, mun ga abin da kodin da taramol suka yi wa 'ya'yanmu, har gwamnatin Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Amma shan ƙwaya don maye daban, maganin da likita ya auna wa mai ciwon daji daban. Idan an fara da kaɗan ana ƙarawa daidai da ciwon, mofin ba ya gaggauta ajali. Abin da yakan jawo shi ne gyangyaɗi da tashin zuciya a kwanakin farko, waɗanda sukan lafa, sai kuma taurin bayan gida, wanda shi ba ya lafawa. Shi ya sa wanda ya san aiki ba zai miƙo miki mofin ba tare da maganin sassauta ciki ba. Idan an ba ki ɗaya babu ɗaya, ki tambaya. Kwalbar kuma ki kulle ta a adaka ko kwaba, nesa da yara da samarin gida, kada ki sammaka wa maƙwabciya don ita ma tana ciwon baya. Kuma idan kika ga barcin ya yi nauyin da ba a iya tashinsa, ko numfashi ya ja baya sosai, ki dakata da kashi na gaba a kira ma'aikaci nan take.

Daga nan sai ki duba fata. Wanda ya daɗe kwance a gefe ɗaya, wajen da ƙashi ke danne katifa yakan yi miki: ƙugu, gindin baya, diddige, kafaɗa. A baƙar fata ba lallai ki ga ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu, ko ya yi zafi ko tauri. Masu aiki nagari suna ɗaga zane su duba da idonsu, su koya miki juya shi kamar duk bayan awa biyu, da sa matashi tsakanin gwiwoyi, da hana shimfiɗa zama da danshi. Baki ma haka, a riƙa goge shi da tsumma mai tsabta da ruwa, a shafa ɗan man kaɗanya ko basilin a leɓe. Idan akwai miki mai wari, wanda ke sa 'yan dubiya toshe hanci har mara lafiya ya tsargu, akwai maganin da ake barbaɗawa ya kashe warin. Wanda ya ce miki "haka ciwon yake, sai haƙuri," bai gama neman dabara ba.

Wani ma'aunin shi ne magana. Suna zama kuwa, ko a tsaye suke komai? Suna bayani da harshen da kike ji? Mu a al'adarmu akan ɓoye wa mara lafiya gaskiyar ciwonsa don tausayi. Ni dai a ganina, wannan tausayin wani lokaci cuta ne. Mutum yana da bashin da yake son ya biya, da amanar da zai mayar, da wasiyya, da wanda yake son ya nemi gafararsa. Ma'aikaci nagari ba ya jefa wa mutum magana kamar dutse, ba kuma ya yi masa ƙarya. Yakan tambaye shi me ya fahimta, me yake son ya sani, ya tsaya inda mai ciwon ya tsaya. Ba ya kuma yanke wa mutum rana, don wannan ba a hannunsa take ba.

Ke da ba ki fita, akwai tambayoyin da suka shafe ki kai tsaye, kuma ki sa a yi su tun ranar farko. Suna zuwa gida? Sau nawa? Idan mara lafiyar mace ce, za a turo mace ta duba ta? Akwai lambar wayar da za a kira ƙarfe 2 na dare a ɗauka? Ki gwada kiran tun kafin buƙata ta taso. Idan maganin ya kusa ƙarewa, kwana nawa kafin nan za a aika, kuma wa aka yarda ya karɓo? Kuɗi kuma a faɗa a fili, na zuwa nawa, na magani nawa, a ba da rasit. Ki yi hattara da duk wanda ya ce zai warkar da abin da manyan likitoci suka ce ya wuce warkewa in dai za a sayar da gona ko 'yan kunnenki. Haka nan mai ɗaura ruwa leda bayan leda da ba a san amfaninsa ba, don a ga kamar ana aiki.

Wannan ya kawo mu kan abinci, inda mata muka fi shan wahalar zuciya. Idan kwanaki suka matso, jiki da kansa yakan daina neman abinci. Ba ƙin girkinki ya yi ba, ba kuma yunwa ce ke kashe shi ba, ciwon ne. Ɗura masa kunu da ƙarfi na iya sa ya shaƙe, abincin ya bi hanyar numfashi. Ki ba shi abin da ya nema, cokali ɗaya ko biyu, yana jingine. Idan haɗiya ta gagara, jiƙa leɓe ya wadatar. Masu kulawa nagari sukan gaya miki waɗannan alamu tun kafin su zo: yawan barci, sanyin hannu da ƙafa, raguwar fitsari, numfashi mai tsayawa ya dawo, da ƙarar nan ta maƙogwaro da ke firgita mutane, wadda juya shi a gefe ke ragewa. Wadda aka gaya wa ba ta ruɗewa ta sa a ɗauki mutum a guje cikin dare ya cika a bayan mota. Sukan kuma ja gefe su ba iyali wuri, a yi masa addu'a, a laƙƙana masa kalmar shahada, ko a kira masa wanda addininsa ya tanada.

Saura ke kanki. A ƙasar Amurka, bayan rasuwa akan aika wa wanda ya yi jinyar takardar tambayoyi: an kawo taimako a kan lokaci, an rage masa ciwo, an koya miki abin da za ki yi, an girmama shi? Da amsoshin ake auna gidajen hosfis. Kin ga ashe shaidar mai jinya ce abin dogaro. Don haka wurin da bai taɓa tambayarki ko kin yi barci ba, ko akwai mai karɓarki, ya bar rabin aikinsa. Ki nemi a raba kwana da kishiya ko facala ko 'ya'ya mata, kada ki ce kunya. Mai jinyar da ta kwana uku ba barci ita ce ke mance awon magani.

Ki samu ɗan littafi irin na 'yan makaranta ki ajiye a gefen gado. Ki rubuta, da boko ko da ajami, ko ɗiyarki ta rubuta miki: ƙarfe nawa aka sha magani, yatsa nawa ciwon ya kai, yaushe rabonsa da bayan gida, me ya ci, ya yi barci ko bai yi ba. Ranar da ma'aikaciya ta zo, ki miƙa mata. Idan kwana biyu ko uku suka wuce ciwon na nan a yatsa huɗu ko biyar ba a sauya komai ba, ki ba maigida littafin ya je da shi wajen babban likitan sashen, a sake duba awon ko a tura ku wani wurin.